Mai Fentin da Ke Kashe Bakoji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Birnin Gwari ya san Bakoji, ko da bai san Sadisu mai fenti ba. Bakoji ba mutum ba ne, zane ne: kai kamar ƙwallon goruba, jiki sanda guda, hannaye da ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, sai 'yar hula a karkace. Kuma babu inda za ka gan shi da lafiyarsa. A bayan motar Hamza direba buhunan masara sun danne shi, ƙafafu kawai ke waje. A bangon mai cajin waya wuta ta ja shi ya sandare, hular tana sama. A bakin rijiyar unguwa kuwa tafin ƙafarsa kaɗai ya rage, saura ya yi ƙasa.

Mutane dariya suke yi har da riƙe ciki. Ƙarti masu gemu, waɗanda ko zazzaɓin 'ya'yansu ba ya tashe su daga benci, sai su taso takanas su ga yadda Bakoji ya mutu yau. Amma ba wanda ya taɓa tambayar Sadisu abin da ɗan talikin nan ya tsare masa.

A Tsohon Birnin Gwari aka haifi Sadisu, gidan manoma. Noma bai karɓe shi ba, ko an kai shi gona zane yake yi a ƙasa da tsinke, ciyawa tana cin dawa. Ya tafi Kaduna ya koyi rubuta suna da lamba a jikin motoci, ya dawo da gwangwanayen fenti da wani tari da bai sake shi ba har yau. A lokacin mutane sosai yake zanawa, da ido da hanci. Wanzamin bakin kasuwa ma shi ya cika masa bango da kawuna, kowanne da irin askinsa.

Sai wata rana a wurin wa'azi ya ji an ce wanda ya zana abu mai rai, ranar tsayuwa za a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Sauran jama'a suka kaɗe riguna suka tafi cin tuwo, su ba sana'arsu aka taɓa ba. Shi kuwa ya zauna yana tuno kawunan nan na bangon wanzami. Barin sana'ar ba zai yiwu ba, ga iyali. Kunya ta hana shi tambayar kowa, sai ya yanke wa kansa hukunci: wanda ya riga ya mutu, ai ba za a nemi ransa a hannun mai fenti ba. Daga nan ya mayar da mutum tsinke, tsinken ma ba ya barinsa da rai. In kuma aiki ya tilasta sai rayayye, sai ya ja siririn layi ya raba kai da gangar jiki, yadda ya ga wasu masu tsantseni suna yi.

Bana da zafi ya shigo, ƙyanda ta fara zagaya ƙauyuka. Sista Comfort, wadda ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke gaba da Kuyello, ta aiko aka ɗauko shi a babur. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta daɗe a nan, rabin yaran ƙauyen a hannunta suka faɗo. So take a zana mata yaro a bangon da ke kallon hanya, mai kumatu, yana dariya bayan an yi masa rigakafi, don matan da ba su karatu su gani su shigo.

"Malam Sadisu, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Ban da Bakoji. Kada ka jefa mini shi rijiya, kada tirela ta bi ta kansa. Mai rai nake so."

Ya zana. Ashe hannun bai manta ba, yaro ya fito tuɓul-tuɓul kamar ka ɗauka. Da ya gama, Sista tana ciki wurin mai naƙuda, sai ya tsoma siririn burushi a gwangwanin da ya fi kusa, ja ne, ya ja layinsa a wuya, ya hau babur ya tafi.

Ranar kasuwa mata suka zo da goyo, suka tsaya, suka juya. To laifinsu ne? Matan da suka yi shekaru suna barci da kunne ɗaya a buɗe, waɗanda dajin nan ya dawo musu da abin da baki ba ya iya faɗa, ka nuna musu yaro da jan layi a maƙogwaro, ga allura a gefe, ka ce su shigo? Wannan ba Bakoji ba ne. Yana da ido, yana kama da ɗan kowa. Ba wadda ta yi dariya.

Aka sake ɗauko Sadisu. Ya tarar da Sista a tsaye riƙe da ƙugu, matan kuma suna can nesa a gindin ɗorawa.

"Me yaron nan ya yi maka ka yanka shi?"

"Sista, ba yanka ba ne."

"To ado ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya gaya mata abin da ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma shiga abin da ba addininta ba. Akwatin sanyi na allurar rigakafin ta nuna masa a bakin ƙofa.

"Ƙanƙarar da ke ciki narkewa take yi. In ta ƙare allurar ta lalace, ban san ranar da wata za ta iya ratso dajin nan ba. Ba ni burushin in shafe da kaina. Rai na Allah ne, amma iska kam na sha hura wa jarirai a baki. In an kira ka ranar tsayuwa, ka ce Comfort ce."

Ya kalli hannun da ta miƙo, ya kalli matan. Wata cikinsu tana yi wa goyonta fifita da gefen zane.

"A'a, Sista. Ni na zana shi. Ba zan ɗora miki kayana ba."

Ya haɗa fenti mai launin fata, ya yi bisimilla, ya bi layin a hankali har wuya ya haɗe. Ya ja da baya ya tsaya, gumi ya jiƙe masa riga. Ga yaro cikakke yana kallonsa, ba ta inda Sadisu zai kuɓuce masa.

Can wata dattijuwa, Furera, ta taso daga gindin ɗorawa da jikarta a kafaɗa. Ta daɗe tana duban bangon, ta sa yatsa ta taɓa wuyan, fenti ya ɓata mata yatsa, ta goge a zanenta.

"Mai fenti, ya warke ke nan?"

"Ya warke, Inna."

"To ka sa masa wando mana. A bakin hanya yake, ko kunya babu."

Ta wuce ciki, biyu suka bi bayanta. Sadisu ya tsuguna ya buɗe gwangwanin shuɗi.