Gwangwanayen Yaya Sale

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, wanda Rano ta sani da Sale Majigi. Ya daɗe yana haska fim a wata silima a Kano. Da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe silimu, mai gidan ya ce a zubar da tsofaffin finafinan Indiya da ke sito. Yaya ya kwaso su a akori-kura, gwangwani kan gwangwani, ya jibge a ɗakin hatsinmu.

Bai taɓa jayayya da rufewar ba. Kaset ɗin kasuwa ne ke ci masa rai: an datse gefen hoto don ya shiga talabijin, an yanke waƙoƙi, launi ya koɗe. Shi da abokansa biyu, Malam Idi tela daga Kibiya da Garba mai gyaran rediyo na Zurgu, suka ɗauri aniyar mayar da kowane fim yadda aka gan shi a silima, sannan a kwafe a faifai. Duk ranar kasuwa sukan warware zaren fim a kan tabarma, su goge da auduga, su liƙe inda ya tsinke. Uku kacal suka kammala.

Wata rana na tarar da shi yana sunsuna wani gwangwani.

"Yaya, lafiya?"

"Tsami ya kama shi, Audu. In ya fara ba ya tsayawa, kuma zai harbi sauran."

Ya haƙa rami a bayan gida ya binne shi. Ranar bai ci tuwo ba.

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon finafinan nan, an ɗora musu muryar Hausa, mai fassara yana barkwanci daidai inda jama'a kan share hawaye. Da Yaya yana raye, me zai ce?

Garba ma ya rasu bayan Yaya. Faifai ukun da suka kammala sun karce, ba sa yi. Bara na buɗe gwangwanayen, zaren ya manne ya zama dunƙule. Na yi cigiyar mai iya cetonsu, ban samu ba.

Abin da ya rage yana cikin kan Malam Idi, wanda idonsa ya tafi. Da Sallah na je Kibiya gaishe shi. Muka yi wa Yaya addu'a, sannan ya ɗauko min labarin wani fim tun daga fari, har da kiɗansa. A tsakiya ya tsaya, ya jima yana murza carbi.

"Daga nan kuma," in ji shi, "Sale ne ya san sauran."