Yadda Na Sayar wa Mama Rahila Alherin Allah

Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifina yana raye, kuma kunyar da na jawo masa ta isa. A Yangoji aka haife ni. Babana manomin doya ne kuma dattijon coci. Ina jin Gwari da Hausa, na kuma iya ɗan Turanci, shi ya sa tun ina saurayi idan baƙon fasto ya zo wa'azi, ni ake tsayarwa gefensa ina fassara wa jama'a.

Nan abin ya fara. Wata Lahadi baƙo ya yi wa'azi mai sanyi, mutane suna ta gyangyaɗi, sai na ƙara gishiri a fassarata. Na faɗi abin da bai faɗa ba, har wasu mata suka yi kuka. Da aka tashi, wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce Allah ya ba ni baki. Ban gaya mata ƙarya na yi ba. Daɗi na ji. Daga ranar na gane cewa babu mai bincikar tafinta.

Da noma ya ishe ni sai na koma Gwagwalada. A can na haɗu da wani da muke kira Oga Bulus, yana da ɗakin addu'a a wani shago da ba a gama gininsa ba. Ya ji yadda nake magana, ya ce in zauna tare da shi. Shi ya koya mini cewa mutum ba ya sakin abin hannunsa sai ya ji lokaci zai ƙure masa.

Akwai wani misali da Yesu ya bayar a cikin Bishara, na mai gonar inabi da ya fita ɗaukar ma'aikata. Ya ɗauki wasu da sassafe, wasu da hantsi, wasu da rana tsaka, na ƙarshe kuma a sa'a ta goma sha ɗaya. Wannan misalin na mayar jarina. Muka rataya babban agogo a bango. Kowace Lahadi sai in nuna shi in ce ƙofar alheri tana rufewa da ƙarfe goma sha ɗaya, wanda bai kawo baikonsa na kuɗi gaba kafin nan ba, ya rasa rabonsa. Ina kallon mutane suna duban agogo suna kwance bakin zani. Ban taɓa karanta misalin har ƙarshe ba.

Cikin masu zuwa akwai Mama Rahila, mai sayar da abinci a bakin wata masana'anta a Idu. Mijinta, Baba Danladi, yana kwance a asibiti ana jiran a yi masa tiyata. Ta sayar da tukwanenta da filin da suke da shi ta haɗa kuɗin aikin. Ta biyo ta wurinmu ne kawai don in sa albarka a kan kuɗin kafin ta kai asibiti.

Na ce mata, "Mama, likita kika dogara da shi ko Allah? Dubi agogo."

Ta ce, "Fasto, idan na bayar, da me za a yi masa aikin?"

Na ce ba za a ma buƙaci aikin ba. Ta daɗe tana kallon agogon nan, sannan ta ajiye ƙullin a gabana. Ni da Oga Bulus muka raba da yamma. Baba Danladi ya rasu ba a yi masa tiyata ba.

Ɗansu ne ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Oga Bulus ya gudu, har yau ban san inda yake ba. A kotu na ga babana zaune a bencin baya, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Bai ɗaga kai ya dube ni ba har alƙali ya gama yanke hukunci.

A gidan yari akwai wani fasto, Malam Yohanna, da yake zuwa yana karatun Bishara da fursunoni. Na daɗe ina guje masa. Ranar da na zauna a ajinsa, don gudun zafin ɗaki ne kawai. Da muka saba, na gaya masa abin da ya kawo ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe wurin misalin mai gonar inabi ya ce in karanta da kaina, har ƙarshe.

Da na gama ya tambaye ni, "Ƙarfe nawa ne sa'a ta goma sha ɗaya?"

Na ce ƙarfe goma sha ɗaya mana.

Ya ce a'a. Mutanen wancan zamani daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'in yini. Sa'a ta uku hantsi ke nan, ta shida rana tsaka, ta goma sha ɗaya kuwa wajen ƙarfe biyar na yamma, rana ta kusa faɗuwa, masu aiki sun fara tunanin gida. A lokacin ne mai gona ya sake fita neman waɗanda ba wanda ya ɗauka. Da aka tashi kuma ya ba su lada daidai da na waɗanda suka sha rana tun safe.

Ya ce, "Ka gani? Labarin ƙofa a buɗe ne har kusan magariba. Kuma ba su ne suka biya mai gona ba, shi ya ba su abin da aikinsu bai kai ba. Wannan shi ne alheri. Kai kuma ka rufe ƙofar ka tsaya a baki kana karɓar kuɗin shiga."

Na rasa inda zan sa fuskata. Amma tsohon hali bai sake ni ba, sai na nemi mafaka a wani wurin. Na ce ai ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ma ya sami ceto a ƙarshen ransa, ke nan ni ma na tsira.

Malam Yohanna ya ce, "Haka ne, ƙofar nan a buɗe take gare ka. Amma wancan ɓarawon ya fara faɗa da bakinsa, a gaban mutane, cewa hukuncinsa ya dace da shi. Kai a kotu me ka ce?"

A kotu cewa na yi Mama Rahila ce ta ba ni kuɗin da kanta. Nan a gaban Malam Yohanna na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Da aka sake ni, Idu na fara zuwa kafin in je gida. Na sami Mama Rahila tana wanke kwanoni a rumfar wata mata, don ba ta da tata kuma. Na durƙusa na ce ƙarya na yi mata, ni ba fasto ba ne, kuma da hannuna a mutuwar mijinta. Ta ci gaba da wanke-wankenta.

Can ta ce, "Na yafe maka, don ni ma ina neman gafara. Amma ka sani, tun ranar ban iya shiga coci ba. Tashi ka tafi, ɗana."

Wannan maganar ta fi mini zaman gidan yari nauyi. Yanzu ina dako a wani sito a Idu, abin da na samu ina kai mata wani abu ta hannun ɗanta. Ba zai dawo da Baba Danladi ba, na sani.

Ku matasa, musamman ku da Allah ya ba baki kuma ake tsayar da ku gaban jama'a, kada ku ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da aka rubuta don a yaba muku. Ku karanta wuri har ƙarshensa kafin ku koya wa wani. Duk wanda ya sa wa alherin Allah farashi, ko ya ce muku za a rufe ceto da ƙarfe kaza, ku tashi ku bar masa wurin. Na gaskata Allah ya karɓe ni ba don na cancanta ba. Amma kowace Lahadi idan na zauna a bencin baya, nakan tuna akwai wata mata a Idu da ba ta zo ba, kuma ni na hana ta.