Baffa Ilu Mai "Yana Ciki"

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Dutse ya san ba a aiken Baffa Ilu da ƙarya, komai ƙanƙantarta. Wan mahaifina ne, dabino yake sayarwa a ƙofar gida, don haka duk mai sallama da shi yake fara cin karo. Wata rana mahaifina ya hango Malam Tanko, mutumin da in ya zauna hira sai an kira la'asar. Mahaifin nawa ya faɗa ɗaki yana cewa, "Yaya, ka ce na tafi Kiyawa." Malam Tanko na isowa Baffa ya ce, "Yana ciki. Ya ce in ce maka ya tafi Kiyawa." Haka mahaifina ya fito yana yaƙe, ya sha hira har la'asar ɗin.

To, wannan mutumin ne Allah ya haɗa da 'yan wasan talabijin. Sun zo ɗaukar shiri a gidan maƙwabcinmu, wanda zai fito a maigadi bai zo ba, sai darakta ya hango Baffa da tsohuwar hularsa. Aikin ba wuya: baƙo zai tambayi Alhaji, maigadi ya ce, "Ba ya nan." Shi ke nan.

Aka kunna kyamara. "Alhaji na nan?"

"Yana ciki."

"Haba Baba, wasa ne fa!" in ji darakta.

"Na ji wasa ne. Amma ai da idona na ga ya shiga."

Sau biyar ana sakewa. Da abin ya ishi darakta, ya sa aka fitar da Alhajin ta baya, don maganar ta zama gaskiya. Aka sake tambaya, Baffa ya ce, "Yanzun nan ya zille ta ƙofar baya. In ka yi sauri za ka cim masa." Mai kyamara sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Rana ta kusa faɗuwa, dole aka bar shi a haka.

Da aka nuna shirin, wallahi ba wanda ya kula da Alhajin da babbar rigarsa. Masu keke in sun wuce ƙofarmu sai su danna hon su ce, "Yana ciki!" Aka riƙa neman Baffa kowane mako. Shi kuwa ko sau ɗaya bai zauna kallo ba. In na kira shi sai ya ce, "Ni da nake wurin, me zan kalla?"

Farin jinin nan ya tsone wa mai fitowa a Alhaji ido, ya matsa sai an kashe maigadin a labari. Aka kwantar da Baffa aka lulluɓe shi da zane, matar Alhaji ta ɗora hannu a ka tana, "Wayyo, maigadi ya rasu!" Daga ƙarƙashin zanen muka ji, "Da raina, Hajiya." Haka aka nuna shi, mutuwar ma aka fasa ta.

Ko da ya kwanta ciwo bara, halin na nan. Kowa ya san in an ce "Ya jiki?" amsar "Da sauƙi" ce. Baffa kuwa sai ya ce, "Babu sauƙi, amma alhamdu lillahi." Masu dubiya su rasa inda za su sa kansu.

Kwana huɗu da rasuwarsa, ina zaune inda yake kasa dabino, sai ga mata biyu sun sauko daga mota. Daga Miga suke, sun shigo sayayya, suka ce ba za su koma ba sai sun ga maigadi. Labari bai kai musu ba. Babbar tana dariya ta ce, "Yana ciki?"

Na ce, "Ba ya nan."

Suka tuntsire. "Kai dai ba ka gado shi ba! Je ka ce ya fito."

Sai ƙaramar ta lura da tabarmin zaman makoki da ba mu naɗe ba, ta dafa 'yar'uwarta. Shekara shida ana fama da shi ya faɗi maganar nan ya ƙi, ashe ni zan faɗe ta a kansa, kuma gaskiya ce.

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya sa gaskiyarsa ta tsaya masa. Amin.