Agogon Ladan a Ɗakin Goro

Yau ko yaron da bai iya ɗaura wando ba, idan ka tambaye shi lokaci zai latsa waya ya faɗa maka. Na zauna a Kwatano, na yi fatauci a Kumasi da Yamai da Kano, na ga garuruwan da agogo ke rataye a kan titi ba mai ɗaga kai ya dube shi. Amma a Djougou ta ƙuruciyata, wadda mu a gida muke kira Zugu, lokacin unguwarmu duka a wuyan hannun tsoho ɗaya yake ɗaure. Tsohon nan kakana ne, Malam Bawa, ladanin masallacin unguwa.

Ina tuna wata Alhamis da hantsi a tsakiyar damina, shekaru kaɗan bayan Faransawa sun sauke tutarsu, ƙasar tana amsa sunan Dahomey. Ranar Alhamis ba ma zuwa lakwal, wato makarantar boko, saboda haka ina tsakar gida tare da kakata Iya muna tsince goro, muna ware mai sankara, muna yayyafa ruwa a ganyen da ake naɗe shi. Ƙawayena suna ƙofar gida suna carafke, ina jin ƙarar duwatsunsu, raina duk yana can. Sai Kaka ya kira ni daga kan buzunsa da sunan wasan da ya sa mini: "Amarya, zo ki duba mini wannan maƙaryacin." Na je na kama hannunsa. Gilashin agogon ya yi hazo daga ciki, ɗigon ruwa ƙanana sun jeru a gefensa, hannuwan da a da suke da launin ɗanyen ganye sun koma baƙi-baƙi kamar an shafa musu toka. A wannan safiyar ya kira sallar asuba bayan gari ya fara wayewa. A makon da ya wuce kuwa ya kira ta da wuri ƙwarai, magidanta suka fito cikin yayyafi suka zauna suna jiran alfijir. A bakin rijiya na ji mata suna dariyar abin da Dendanci, suna zaton ban ji ba, suna cewa dattawa sun fara maganar a ba wani saurayi ladanci, tunda shi yana da agogon tebur mai ƙararrawa.

Ladanci a gidanmu ya girmi masallacin kansa. Kakan Kaka shi ne mai tayar da ayarin fataken goro a hanyar Gwanja, shi ke kiran salla a zango kafin a ɗora wa jakuna kaya. Da ayari ya zauna a Zugu, kiran ya zauna a gidanmu. Su na dā da taurari suke aiki. Kaka ma da su ya fara, amma damina a ƙasarmu tana rufe sama kwana da kwanaki, shi ya sa da ɗansa Baffa Idi ya dawo daga aikin sojan Faransa ya kawo masa agogon nan mai haske a duhu, wanda aka ce ruwa ba ya shigarsa. Kaka ya ɗauki maganar da gaske. Bai taɓa kwance shi don alwala ba. Sai ya tura shi sama, ya wanke ƙasansa, ya dawo da shi ya wanke samansa, ruwan buta yana bi ta kansa a kowace salla, shekara da shekaru. Wanda ya ƙera agogon bai yi lissafin alwalar ladan ba.

Mafita ita ce Paraku, inda Baffa Idi yake sana'ar fawa a unguwar Guéma. Sai dai Kaka ya ce agogon ba zai kwana a wani gari ba, domin ba zai bar asuba ko ɗaya ba shi da abin dubawa. Don haka aka tura ni da baki kawai, a bayan motar doya, tare da wata maƙwabciya mai zuwa kasuwa. Shi ne ganina na farko da Paraku. Na ga garken shanu ya cika hanya, Fulani suna tafe da sanduna a kafaɗa, dillalai suna ciniki da Hausa da Fulatanci da Barganci a numfashi ɗaya. Na ga jirgin ƙasa, na ɓuya a bayan Baffa da ya yi kuka. Kusa da tashar akwai wani mai gyaran agogo ɗan kudu, yana zaune a bayan akwatin gilashi. Baffa ya yi masa bayani da Faransanci, mutumin ya girgiza kai ya ce a kawo montir ɗin, wato agogon, ya kwana biyu a wurinsa. Da ya ga ba za a kawo ba, sai ya zuba mana wani gari mai ɗan kore na sa hannuwan agogo haske a kwalbar maganin kinin, bai fi a lasa da yatsa ba, ya kuma nuna wa Baffa da hannu yadda ake yi. Na riƙe kwalbar nan a ƙullin zanena har Zugu, ko fitsari ban yarda na sauka yi ba.

Baffa ya rufe teburin namansa ya biyo ni. Aka sa aikin bayan an fito asuba, don a gama kafin rana ta faɗi. Muka shimfiɗa farin ƙyalle a kan faifai a ƙarƙashin rumfa, aka kori kaji, aka hana ƙannena zuwa kusa. Baffa ya sa bakin ƙaramar wuƙarsa ya ɓalle murfin baya. A ciki akwai wani zoben roba siriri wanda ya bushe, yana taɓa shi ya marmashe. Ya ce nan ce ƙofar ɓarawon. Ya zaro injin a hankali, ya ɗora shi a tasa, ya rufe da ƙyalle mai shara-shara, aka ajiye a rana. Ya yanka sabon zobe daga robar cikin tayar keke da reza, ya yanka ya zubar, ya yanka ya zubar, har ya sami wanda ya zauna daidai. Iya ta kawo man kaɗanya ta ce a shafa, tunda shi ke hana ruwa shiga ƙafar manomi. Baffa ya ce, "Iya, agogo ne, ba kaushi ba," aka yi dariya, ta tafi tana mita. Kakin zuma ya narkar a cokali, ya bi gefen gilashin da shi, ya ɗan taɓa a gindin abin murzawa. Daga nan ya rufe kwankon ba inji a ciki, ya nutsa shi a ƙwaryar ruwa, muka sunkuya muna jiran kumfa. Ba ta fito ba. Da ya buɗe, ciki a bushe.

Saura hasken, shi kuma ya faɗo kaina. Hannuwan Baffa na sara ƙashi ne, hannuwan agogo kuwa sun fi tsinken tsintsiya siranta. Ni ce mai zana wa ƙawayena lalle da sa wa jarirai kwalli, don haka aka ce in wanke hannu. Baffa ya cire hannuwan biyu ya kifa su a kan ɓargon kara. Na sa allura na kankare tsohon fentin da ya yi baƙi, ina hurawa da baki. Shekaru da yawa bayan haka wani mai gyaran agogo a Kumasi ya gaya mini cewa irin wannan tsohon fenti guba ne, ya dube ni kamar mai mamakin ina raye. Muka dama garin kwalbar da ɗigon ƙaro, na ɗebo da bakin tsinke, na ja shi a kan ramin da ke tsakiyar kowane hannu har ya rufe kamar yanar madara. Na bi ɗigogin fuskar agogon ɗaya bayan ɗaya. Kaka yana gefe da carbinsa, wuyan hannunsa fayau, da farin zane inda madaurin ya saba zama. Lokaci-lokaci sai ya ce, "Amarya, in kin ɓata mini shi na sake ki." Ni kuma in ce, "Tsoho, wa zai karɓe ka in na tafi?" Azahar ranar da inuwar katanga ya kira ta.

Da komai ya bushe Baffa ya mayar da injin, ya rufe, ya murza, muka ji ƙas-ƙas ɗinsa ya dawo. Aka shanya shi a rana ya sha haske, aka ɗaura wa Kaka. Ba wanda ke da haƙurin jiran dare. A gidanmu akwai ɗakin goro, ba taga, bango mai kauri, sanyi da ƙamshin ɗanyen ganye, inda muke ɓuya idan muna wasa. Muka shiga mu uku, Iya ta ja ƙofa daga waje ta toshe ƙasanta da buhu. Duhu ya rufe mu, sai ga shi: hannuwa biyu kore shar, da ɗigogi a kewaye, suna shawagi a iska kamar ba a jikin mutum suke ba. Na yi ihu. Baffa ya ce Allahu akbar, yana dariya. Na ga hasken ya tashi sama, ya matsa, ya tsaya, na gane Kaka ya kai shi dab da fuskarsa. Sai muka ji ya ce, "To ku ce ta rufe ƙofar mana, mu gani."

Dariyar Baffa ta yanke. Hasken ya ƙara matsawa, ya koma ɗaya idon, ya daɗe a can. Can Kaka ya tambaye ni, da wata murya da ban san shi da ita ba, ko ina ganin hannuwan duka biyu. Na ce ina gani, har da ɗigogin. Ya ce in faɗa masa lokaci, na faɗa. Sai ya ce, "Madalla. Aikinki ya yi kyau, Amarya." Duk watannin nan agogon muke zargi, kuma da gaskiyarmu, tunda hazon a fili yake. Ba wanda ya yi tunanin akwai wani hazon a bayansa, ko Kaka kansa.

Da muka fito Baffa ya yi ta kawo dabaru. Ya ce ai ga ni, in riƙa kwana a ɗakin Iya ina tashi ina duba masa. Na ce zan iya, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Kaka ya dafa kaina ya ce, "Jama'a ni suka ba amanar sallarsu, ba yarinyar da za ta je lakwal da safe ba." Bai jira dattawa su zo masa ba. Ranar Juma'a ya sa babbar rigarsa, ya je wurin liman da ƙafarsa, ya ce a ba saurayin nan. Daga baya Baffa ya kai shi asibiti a Paraku, aka ce yanar ido ce, kuma mai cire ta ba ya kusa. Ya dawo ya ci gaba da ɗaura agogon, yana murza shi kowace safiya, yana alwala da shi yadda ya saba. Gilashin bai sake yin hazo ba har ya rasu. Idan sabon ladan ya ɗaga murya, sai in ga leɓunan Kaka suna motsi, suna riga shi zuwa ƙarshen kowace jimla.

Bara waccan aka cire mini yanar ido a Kwatano. Na shiga da safe, kafin la'asar ina gida ina shan kunu, bayan kwana kaɗan ina zura zare a allura. Da likita ya kwance bandejin na ga fuskarsa tar, ya zaci murna ce ta sa ni hawaye. Ɗakin goron nake tunawa, da tsohon da ya kai haske har bakin idonsa yana jiran a rufe ƙofa. Na koma Zugu ba sau ɗaya ba. Masallacin yana nan, an yi masa siminti da lasifika, ɗakin goron ya zama shagon cajin waya, yaran gidan sun fi jin Faransanci da Dendanci a kan Hausa. Da na tambaye su, ba wanda ya san cewa gidansu gidan ladanai ne. Tun daga waccan Juma'ar kiran salla ya bar gidanmu, bai kuma dawo ba.