Tsallen Tsohon Koci

Daga teburinta na sayar da burodin riɗi a birnin Tasaloniki, Evdokiya tana kallon wani dogon dattijo a filin ƙwallon kwando na unguwa. Ba ta san shi ba. Kansa fari fat, yatsunsa a karkace, da gani sun sha karaya. Yana tafe yana ɗingishi, carbin wasa na ƙas-ƙas a hannunsa. Mai wannan tsawo da waɗannan yatsu, in ji zuciyarta, ai dubban mutane sun taɓa ihun sunansa.

Yau 'yan mata yake horarwa. Ɗayarsu, gwiwarta naɗe da bandeji, ta tsaya ƙarƙashin kwando ta kasa tsalle.

"Koci, tsoro nake ji kada ta sake gocewa."

"Fotini, 'yata, riƙe min carbina," in ji shi. Ya naɗe wando, ya nuna mata tabon ɗinki har uku. "Kin ga nawa? Ke guda ɗaya kike wa kuka?"

Ya ɗauki ƙwallo, ya daka tsalle ya jefa, ta shige kwando ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Yana dirowa sai ya juya musu baya. Evdokiya kaɗai ta ga ya cije leɓe, hawaye na zuba. Ya share, ya juyo yana dariya.

"Saura ke."

Fotini ta tashi sama. Evdokiya kuwa ta tofa yawu sau uku ta wajen dattijon bisa al'adarsu, kada kambun baka ya kama shi.