Ranar da Muka Ba Dattijo Wuri a Rairayin Misa'id

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta Bin Omran, ni da abokin ɗakina, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Masu cewa ƙasar Larabawa ba ta da komai sai zafi su zo Doha a watan Janairu su tsaya jiran mota a bakin titi, da kansu za su janye maganar. Ni mai gadi ne a wani wurin gini a Lusail, inda har yanzu babu abin gani sai manyan motoci da alkawarin cewa wata rana birni zai tashi a wurin. Shekarata biyu a Ƙatar, amma in ka cire ƙofar da nake gadi da masallaci da shagon da muke sayen shinkafa, ban san ko'ina ba. Shi ya sa da abokin nawa ya ce kamfaninsu na neman wanda zai taya su ɗaukar ruwa da ƙanƙara ranar hutuna, bai rufe baki ba na ce ina ciki.

Kamfanin nasu na yawon buɗe ido ne. In babban jirgin ruwa na masu shaƙatawa ya yada zango a tashar Doha na yini guda, su ne ke kwasar fasinjojin su kai su cikin rairayi su tuƙa bagi. Bagi wata 'yar mota ce mai ƙafa huɗu, ba ƙofa ba gilashi, kujera biyu ne cikin kejin ƙarfe, sai ƙara kamar injin niƙa. A jere ake tafiya: jagora a gaba, baƙi a tsakiya, abokina a can ƙarshe. Aikinsa guda ɗaya ne tak, kada ya wuce kowa. Wanda ya tsaya, ya tsaya tare da shi. Bai daɗe da samun aikin ba, bayan ya sha wahalar wankin mota, don haka yana riƙe da shi hannu bibbiyu.

Mun biya ta unguwar Al Muntazah muka karya. Shayin madara da suke kira karak riyal ɗaya, farata, wato gurasar Indiyawa, da ƙwai riyal biyu, kuma mai shagon yana zuba sukari kamar ba shi ke saye ba. Daga nan muka wuce tasha. Jama'a, na sha jin labarin jirgin ruwa, amma ban taɓa zaton za a ɗauki unguwa guda a ɗora bisa ruwa ba. Ina ta ɗaga kai har hulata ta faɗi. Sai ga baƙi suna saukowa, yawancinsu Turawa tsofaffi, da gajeren wando cikin wannan sanyin, kowa da kyamara a wuya.

Ina cikin jera katon ɗin ruwa na ji wata murya a bayana tana cewa, "Hajiya, bi a hankali, matakalar nan tana da santsi." Na juya da sauri har na kusa sakin katon. Wani dattijo ne fari tas da furfura, cikin kaftani da hula, da matarsa tana dogara sanda. Ni da abokina muka zube muka gaishe su. Ashe injiniya ne da ya yi ritaya a Kaduna, 'ya'yansu ne suka haɗa musu tafiyar. Ya riƙe hannuwanmu ya ƙi saki, yana tambayar garuruwanmu da iyayenmu. Hajiya ta ce tun da suka hau jirgin nan ba ta ji Hausa a bakin kowa ba sai nasa, "kuma shi na gaji da labaransa." Wallahi sai na ji kamar gida ne ya biyo ni har bakin teku.

Hanyar kudu shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya. Mun wuce Wakra da jiragen kamun kifinta na katako, muka wuce masana'antun Misa'id masu hura wuta ta dogayen bututu. A gidan mai na leƙa farashi, lita ba ta kai riyal ɗaya ba, sai na tuna layin mai a gida. Inda kwalta ta ƙare, direbobi suka sauko suna sace iskar tayoyi da gangan, wai sai taya ta yi laushi take iya tafiya a rairayi. Wannan kam da a tashar garinmu ne, da an ce direban ya samu taɓin hankali.

Sansanin kamfanin tantuna ne a gindin wani tudu, da darduma da gahawa da dabino. Da safe aka hau raƙuma, aka yi hotuna. Da rana aka kawo majbus, wato shinkafa da rago mai ƙamshin lemun tsami busasshe, na ci har na ji kunyar kaina. Bayan azahar aka fito da bagi. Hajiya ta dube su sau ɗaya ta ce gwiwarta ba ta yi mata laifin komai ba, ta koma kan dardumarta. Alhaji kuwa ya naɗe hannun riga ya shige tasa shi kaɗai, yana cewa ya tuƙa motar da ta fi wannan taurin kai. Shi ne a gabanmu, mu ne na ƙarshe, ni ina gefen abokina na rungume akwatin ruwa.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro na ji. Tudun rairayi ba ya nuna maka abin da ke bayansa. Kana hawa, sama kawai kake gani, sai kwatsam hancin motar ya nutsa ƙasa. Turawa na ihun daɗi, ni ina karanto duk addu'ar da na iya. Amma wurin yana da kyau. Rairayin lallausa ne kamar garin masara, tudu bayan tudu, ko'ina iri ɗaya, kuma sawun tayoyin masu zuwa hutun mako ya cika shi ta kowace fuska.

Mun yi nisa sosai sai Alhaji ya rage gudu a wani fili tsakanin tudu biyu, ya tsaya. Muka tsaya a bayansa. Ya sauko da gorar ruwa a hannu, ya yi mana alama.

"Ku wuce, ɗana. Zan kama ruwa."

Abokina ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, dokar aikin ta hana ni wuce kowa."

Alhaji ya dubi filin, ba itace, ba ciyawa, ba abin da zai kare mutum. Ya ce, "To tsayawa za ku yi a kaina kuna kallona? Ku haura tudun can ku jira ni, yanzu zan zo."

To ku faɗa min, wane ɗan Hausa ne sa'an kakansa zai faɗa masa haka ya ci gaba da zama? Muka haura tudun, muka gangara bayansa, muka kashe inji. Jim kaɗan muka ji ya tayar da tasa. Muka zuba ido a kan tudun muna jiran ya ɓullo. Maimakon ƙarar ta matso, sai ta riƙa yin nisa, har ta ɗauke. Abokina ya dube ni, na dube shi. Muka koma da gudu, ba kowa a filin sai gorar ruwa. Daga baya muka gane cewa tsayin tudun ne ya ba shi tsoro, ya ce bari ya zagaya ta gefe, sai ya bi wani sawun da ba namu ba.

Mun zaga nan, mun zaga can, ba shi ba alamarsa. Ga iska ta fara tashi tana share sawu. Abokina ya ɗauki oba-oba ya kira jagoranmu, wani Basudane dogo marar yawan magana. Da ya gama bayani sai jagoran ya ce, "Ka wuce shi?" Ya ce e. "Khalas, shi ke nan. Ku dawo sansani." Ban taɓa jin gajeriyar magana mai nauyin wannan ba.

A sansani Hajiya na zaune inda muka bar ta. Ta bi jerin motocin da ido har ƙarshe, sannan ta dube mu.

"Ina kuka bar min shi?"

Abokina ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya, bai rage komai ba. Ta buɗe jakarta ta nuna mana wayar Alhaji a ciki, ta mayar ta rufe. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ba ya jin magana, tun yana saurayi. Ku tashi ku je." Da aka zo kwasar sauran baƙi zuwa tasha, aka roƙe ta ta bi su, ta ce ƙafarta ba za ta taka mota ba sai da shi. Jirgi kuwa bayan magariba zai tashi, kuma rana a watan nan ba ta jiran kowa. Kowa ya san in duhu ya shiga, da sanyin da ke sauka a wurin, neman tsoho shi kaɗai ba ruwa ba bargo wani labari ne daban.

Muka shiga jif ɗin jagora mu uku. Dabararsa ita ce ya hau tudu mafi tsayi, ya kashe inji, mu saurara. Muka hau na farko, ba komai sai iska. Muka hau wani, haka. Inuwar tuddai tana ta tsawo, ni kuma zuciyata tana ta raya min yadda za mu koma mu tsaya gaban matar nan hannu wofi. Abokina kuwa leɓɓansa na ta motsi da addu'a. Na tausaya masa ƙwarai, don na san ba aikin yake tunani ba a lokacin.

A wani tudun, bayan an kashe inji, sai iska ta kawo mana wani sauti siriri daga hagu. Kiran sallah ne. Jagora ya girgiza kai ya ce masu kwana a rairayi ne, suna da yawa ta wannan ɓangaren, ya kai hannu zai murɗa makulli. Abokina ya riƙe masa hannu. Muka ƙara kasa kunne. Yadda ake jan kabbarar, da yadda ake sauke ta, irin na masallacin unguwa ne a gida, wanda ka tashi kana ji tun kana goye.

"Wallahi wannan ladanin Bahaushe ne," in ji abokina.

"Yalla, mu je!" in ji jagora.

A cikin wani kwari mai zurfi muka same shi, irin wanda ko ka wuce ta bakinsa ba za ka ga na ciki ba. Bagin ta nutse har ciki. Shi kuma yana tsaye a gefenta, hula a kai, yatsu a kunne. Abokina bai jira mota ta tsaya ba ya dira, ya gangara yana faɗuwa yana tashi, ya rungume ƙafafunsa. Ni kam zama na yi a kan rairayi. Daɗin da na ji a lokacin, ban san da me zan kwatanta shi ba.

Bayan ya shanye gora guda, muryarsa a dushe, Alhaji ya ce, "Na so in yi ihu. Sai na ce, ni da furfurata in tsaya cikin rami ina wayyo a taimake ni? Sai na kira la'asar. Da ba a zo ba na sake kira. Wannan da kuka ji, Allah ya yafe min, ban san na nawa ba ne." Da aka fassara wa jagora, mutumin da tun safe bai yi murmushi ba sai da ya dafa mota don dariya.

Muka koma sansani da shi. Hajiya ta dube shi daga hula har takalmi, ta kakkaɓe masa rairayin kafaɗa, ta shiga mota. Muka tsaya bakin kwalta aka mayar wa tayoyi iska, sannan jagora ya taka mota kamar ana bin mu. Fitilun Doha sun kunnu lokacin da muka shiga tasha, ma'aikatan jirgi na tsaye bakin matakala suna duban agogo.

Kafin ya hau, Alhaji ya tsaya gaban jagora ya faɗa masa da Turanci cewa shi ya ba yaron nan umarni, kuma a inda muka fito yaro ba ya musu da tsoho. Jagora ya dubi abokina ya ce, "Gobe, asuba." Ma'ana aiki yana nan. Sai Alhaji ya juyo ya kama kunnen abokina kamar ɗan cikinsa.

"Kai kuma, gobe in wani tsoho ya ce ka wuce, kada ka wuce. Ko ni ne."

Suka hau matakala. Hajiya ta riƙe hannun rigarsa gam a gaban jama'a, ba ta saki ba har suka shige.

Mun iso Bin Omran bayan isha'i, rairayi a kunne, rairayi a aljihu, har cikin haƙora. Na ga teku, na ga jirgi, na hau bagi, kuma na gode, ba sai an sake gayyatata ba. Abin da na dawo da shi dai shi ne, ladabin da aka rene mu da shi abu ne mai kyau, amma ranar nan saura ƙiris ya sa mu rasa mutumin da muke girmamawar. Na tambayi abokina yadda zai yi in haka ta sake faruwa, don ni har yanzu ban ga yadda zan dubi idon dattijo in ce masa a'a ba. Yana kwance ya rufe fuska da hannu ya ce ba sai ya ce a'a ba. Zai juya masa baya ne kawai, ya rufe ido, ya tsaya a wurin har ya gama.