Irin da Na Daka da Hannuna

Shekarar da Malam ya rasu ina da goyon fari, Nasara kuma ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Malam shi ne limamin unguwarmu a Matameye, tsoho mai raunin ido. Kowace bazara, in hadari ya fara haɗuwa, magidanta sukan kai masa irin geronsu. Sai ya damƙi kaɗan, ya yi tofi, ya mayar, ya ce, "Je ka shuka, tsirarwa ba aikina ba ne." Iyakar abin ke nan. Bai taɓa cewa an nuna masa wani abu a barci ba, kuma ko kaza ba ya karɓa.

Yana kwance ya yi wa irinmu tofi, bai daɗe ba ya cika. Mijina ya dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure, ya daina cin abinci, ya daina magana. Tun yana yaro yake bin Malam salla. Ni ma na yi kuka, amma ina kuka ina leƙa masakin irin nan da na rufe a ƙarƙashin gado, don shi kaɗai ya rage mana. Sojan Nasara sun riga sun kwashe rabin rumbunmu sun kai wa dawakinsu, sauran kuma mun ci.

Ba a yi sadakar arba'in ba sai ga wani baƙo daga wajen Tsauni, dogo, mai taushin murya. Ya ce Malam bai tafi ko'ina ba, jiki kawai aka rufe, yanzu da harshen shi baƙon yake magana. Mutumin nan har tarin Malam ya iya. Ranar da mijina ya ji tarin, ya shigo gida yana dariya yana hawaye, ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Allah ya sani na ji daɗi a ranar.

Daga nan baƙo ya fito da saƙo. Wai Malam ya ce kada kowa ya yi shuka bana, kafin kaka za a naɗe mulkin Nasara, masu imani kuma za a ciyar da su ta inda ba su zata ba. Wanda ya shuka, dawakin kafirai ya yi wa noma. Wasu suka yi tsaki suka wasa fartanyarsu. Mijina ya shigo ya ce in ɗauko masaki.

"Maigida, me za a yi da shi?"

"Fura za ki yi. Albarkar Malam a cikinmu za ta zauna, ba a cikin doki ba."

"To baɗi fa? Yarinyar nan me za ta ci?"

"Ke kin fi Malam sani?"

Na so in ce masa Malam na ƙasa, wanda ke zaune a buzunsa kuwa tari kawai ya gada. Na zuba irin a turmi na surfa, na daka, na dafa, na kirɓa, na dama, aka fita da ita zaure. Ina daga ciki ina jin ƙarar ludayi, baƙo yana yaba hannuna.

Damina ta yi kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Gonakin maƙwabta suka yi duhu, tamu ciyawa ta cinye. Nasara kuwa ko motsi ba su yi ba. Hatsi na fara bununi baƙo ya ce an kira shi gabas, ya naɗe buzun Malam ya tafi da shi. Muka koma tafasa da rama, sai ɗan abin da uwata ta aiko daga Icirnawa. Nonona ya ƙafe. Yarinyar ba ta kai kaka ba.

A gindin turmi, inda tsaba ta fantsama ranar surfe, 'yan kara suka tsiro. Na kewaye su da ƙaya saboda awaki, ina zuba musu ruwan wanke-wanke. Suka fid da kai, zangarnu manya, cike. Na ce a raina ga irin baɗi, ga kuma tofin Malam na gaskiya, wanda ya ce a je a shuka.

Wata safiya mijina ya tsaya a kansu, ya daɗe yana kallo. Na zaci ya gane. Sai ya juyo, fuskarsa fal murna.

"Kin gani? Ba mu shuka ba, an ciyar da mu. Haka Malam ya faɗa."

Ya sa wuƙa ya yanke su duka, ya ɗaure a rawaninsa, ya nufi gabas neman baƙo don ya kai masa.